Gyaran mota ya cinye albashina, ina so in koma keke amma maiɗakina ta ƙi

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, shekaruna 41, ina da mata da 'ya'ya huɗu, kuma mahaifiyata tana zaune tare da mu. A 2021 na sayi wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, ƙirar 1998. Kuɗina bai kai ba a lokacin, sai maiɗakina ta kwashi adashinta ta cika mini, wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Albashina bai wuce naira dubu 150 ba, amma cikin wata shida na kashe sama da dubu 300 a gareji: kuloci, batir, taya biyu da lagireto, ban da kuɗin mai. Yanzu kuma bakanike ya ce gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, sai an sauke kan inji. Bakaniken abokina ne tun muna yara, ina jin nauyin in tuhume shi ko in kai wa wani. Wani abokin aikina da ke zuwa ofis a keke ya ce abin da yake kashe wa kekensa a shekara bai kai kuɗin juyen baƙin mai biyu ba. Daga gidana zuwa ofis kilomita 7 ne. Da na ce zan sayar da motar in sayi keke, sai maiɗakina ta ce wa zai kai Hajiya asibiti, wa zai kai yara makaranta, kuma da wane ido dangi za su dube mu. Tun ranar, ban da gaisuwa babu abin da ke haɗa mu. Shin da gaske keke ya fi sauƙi haka, ko ruɗin ido ne? Me ya kamata in yi?

Wani magidanci daga Kano

Wa alaikumus salam ɗan'uwana. Allah Ya yassare maka, Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ka fara sauke wa kanka nauyin ganin kamar gazawarka ce ta jawo wannan. Lokacin da ka sayi motar nan lita ɗaya ta fetur ba ta kai naira 200 ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta koma wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mafi yawan kayan gyaran da ake jibgewa a kasuwar Kofar Ruwa, sababbi da na hannu, da dala ake shigo da su, don haka duk abin da ya sami naira sai ya sauka a kan kuloci da batir. Albashi kuwa ka fi ni sanin irin tafiyar da ya yi. Dubu 300 a wata shida, dubu 50 ke nan kowane wata, kashi ɗaya cikin uku na abin da kake ɗauka, tun ba ka zuba ko lita ɗaya ba. Duk magidancin da ya ga wannan lissafi ya fara tunanin keke, hankalinsa na aiki.

Abokin aikinka bai yi maka ƙarya ba. Abin da ke lalacewa a keke ana iya ƙirga shi da yatsu: taya da tiyub, sarƙa, robar birki da wayarsa, feda, ƙwallayen da ke cikin cibiyar ƙafa, sai wayoyin ƙafar idan sun tsinke ko ƙafar ta karkace. Kusan dukkansu mai gyaran keke na bakin titi zai yi maka su kana tsaye, da yawa kuma kai da kanka za ka iya da sifana biyu da famfo. Babu baƙin mai, babu ruwan sanyaya inji, babu batir, babu filogi, babu wayoyin da za su sa ka wuni wurin mai wayarin. Sannan keke ba ya cin kuɗi idan yana jingine. Mota kuwa ko a ƙofar gida ta kwana tana bin ka bashi. Inshorar dole ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023, kuma daga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta bincikenta a hanya. Ga sabunta lasisin mota da takardar ingancinta duk shekara, ga lasisin tuƙi, ga batir da zafin ƙasarmu kan kashe cikin shekara biyu zuwa uku ko kana fita da motar ko ba ka fita.

Sai dai akwai abin da masu keke ba su cika faɗa ba, ni kuma ba na so ka shiga da ido rufe. Kayan keke suna da araha amma ba su da tsawon rai. Tayar mota mai kyau takan yi kilomita dubu 40 ko fiye, ta keke kuwa 'yan dubbai kaɗan take yi ta suɗe, ta bayan ma ta riga ta gaba. Kai da za ka riƙa yin kilomita 14 a rana, wajen 300 a wata, ka sa a ranka sauya taya da sarƙa kusan duk shekara, robar birki fiye da haka, faci kuma ba a ma maganarsa a titunan da ƙusa da fasassun kwalabe ba sa ƙarewa. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da man da ke jikin sarƙa ita ke cinye ta, sarƙar da ta saki kuma ita ke cinye haƙoran da take hawa, sai gyaran abu ɗaya ya koma na uku. Irin keken da ka saya ma yana da tasiri. Kekunan ƙasar waje na hannu masu giya da yawa suna da daɗin tuƙi da ƙyalli, amma ranar da abin sauya giyar ya lalace za ka zaga kafin ka sami daidai da shi. Kano gari ne shimfiɗaɗɗe, mafi yawansa ba tudu ba gangare, keke marar giya irin su Phoenix da Hero da iyayenmu suka hau ya isa, kuma kayansa suna ko'ina. Duk da wannan, idan ka tara kuɗin shekara guda, abin da keke zai ci ba zai kama ƙafar abin da ka kashe a wata ɗaya ba. A nan babu gardama.

Babban bambancin ma ba a yawan kuɗin kawai yake ba, a yadda suke zuwa yake. Gyaran keke ƙanana ne masu yawan zuwa, ana biyansu daga canjin aljihu. Gyaran tsohuwar mota kuwa shiru yake yi, sai ranar 12 ga wata, albashi ya ƙare, ya faɗo gaba ɗaya, shi ke tura mutum cin bashi. Ka dubi jerin da ka rubuto mini. Kuloci, batir da taya abubuwa ne masu ƙarewa da kansu, kuma tunda ka sauya su, sun ba ka hutun shekaru idan masu kyau aka sa. Amma lagireto da gaskit ciwo ɗaya ne. Lagireto ya yi yoyo ko ya toshe, inji ya ɗauki zafi, zafin ya ƙona gaskit, wani lokaci har ya lanƙwasa kan injin. Idan aka sa sabon gaskit ba a auna kan injin an daidaita shi ba, ba a kuma gano abin da ya fara kawo zafin ba, ko fanka ce ba ta tashi, ko famfon ruwa ne ya gaji, to bayan wata biyu za ka koma gidan jiya. Tambayar da za ka nemi amsarta ke nan kafin komai: wannan gyara shi ne ƙarshen jerin, ko farkon wani sabo? Motar da ta doshi shekara talatin tana iya zama kowanne.

Ga kuma mai. Ƙaramar mota a cikin gari takan sha wajen lita 10 a kilomita 100, tsohuwa a cunkoson yamma ta fi haka. Zuwa ofis da dawowa kaɗai lita 30 ke nan ko sama a wata. Ka ninka da farashin gidan man unguwarku, ka ga abin da keke zai mayar maka aljihu tun ba a zo maganar gareji ba. Kilomita 7 a keke tafiyar minti 30 zuwa 35 ce ba tare da gaggawa ba, kuma a wasu safiyoyin za ka riga masu mota isa.

To, yanzu mu zo ga maiɗakinka, domin a ganina nan ne ainihin matsalar take. Kai ka kwatanta kuɗin gyaran keke da na mota, ita kuma ta kwatanta aikin da kowanne ke yi, kuma ita ma lissafinta daidai ne. Keke kai kaɗai zai ɗauka. Motar kuwa mutum bakwai take yi wa hidima. Ranar da ka sayar da ita, tafiyar Hajiya asibiti, kai yara makaranta, zuwa suna da biki da gaisuwar rasuwa, ɗauko buhun masara daga kasuwa, duk za su koma kan A Daidaita Sahu, tunda an hana acaɓa a cikin birni tun Janairun 2013, kuma kuɗin A Daidaita ma fetur ɗin nan yake bi. Dattijuwa marar lafiya ba a cusa ta cikin fasinjoji, sai dai a ɗauki shata. Waɗannan kuɗaɗe dole ka rubuta su a gefen keke, in ba haka ba ka zalunci lissafin. Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi: ƙarfe biyun dare, jikin Hajiya ya tashi ko yaro ya kama zazzaɓi mai zafi. Ina kyautata zaton wannan ne ke hana maiɗakinka barci, ko da ba ta faɗe shi haka ba.

Sannan ka lura da yadda ka rubuta: "na ce zan sayar da motar." Ɗan'uwana, motar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Mace ta yi watanni tana zubi, ta kwashi adashinta, maimakon ta sayi abin da ranta ke so ta miƙa maka. Ko a matsayin bashi ta ba ka, ko tarayya, ko kyauta, ba ka faɗa mini ba, ina kuma zaton ku ma ba ku taɓa fayyace shi ba. Dukiyar mace tata ce a shari'a, aure bai mayar da ita ta miji ba. Ko da kyauta ce ta har abada, wanda ya sa kashi ɗaya cikin uku ya cancanci a yi shawara da shi, ba a sanar da shi hukunci ba. Ba mamaki rabin fushin nan ba na keke ba ne, na jin an yanke magana ba da ita ba ne. Maganar dangi kuma kada ka yi mata dariya ko ka kira ta son a sani. Kai za ka hau kekenka ka tafi ofis, ita ce za ta zauna a gidan biki ta ji ana tambayar ina motarku. Surutun mutane ba dalili ba ne na cin bashi, amma ciwon da yake sa wa gaskiya ne, kuma ya fi sauƙin ɗauka idan mutum ya san da shi aka yanke shawarar.

Saboda haka ka same ta idan yara sun kwanta, ka fara da ba ta haƙuri kan yadda ka kawo maganar, ba kan tunanin kansa ba. Ka ajiye mata takarda: ga albashi, ga abin da gareji ya ci, ga mai, ga abin da ya rage na cefane da kuɗin makaranta. Mata da yawa ba su san nawa ake kashewa a gareji ba, domin mazan ne ke ɓoyewa don kada a ga kasawarsu. Ka tambaye ta tafiye-tafiyen da ba za ta iya haƙura da su ba, ku rubuta su tare da kuɗinsu. Ka kuma tambaye ta kai tsaye yadda ta ɗauki kuɗin da ta ba ka.

Bakanikenka kuma, ban ga dalilin zarginsa ba a abin da ka faɗa, kuma tsohuwar mota kan sa a zargi mai gaskiya. Amma jin ra'ayin wani ba cin amana ba ne, ko likita ana sake gani. Ka ce masa kuɗin sun yi maka yawa, kana so ka san iyakar abin da ke gabanka kafin a kwance ko ƙusa ɗaya. Ya rubuta maka kayan da za a saya daban, kuɗin aiki daban, ya kuma faɗa maka abin da yake hangen zai biyo baya cikin shekara: shokazoba, giya, bel ɗin da ke cikin inji, wanda in ya tsinke a wasu motocin yakan lalata injin gaba ɗaya. Ka ɗauki takardar ka je Kofar Ruwa da ƙafarka, ka taya a shago uku, ka tambayi farashin sabo da na Beljiyam. A kan gaskit da bel kada ka bi mafi sauƙi, araha ba ta ado, kuma kuɗin sake sauke inji ya fi ribar da za ka ci. Ka nemi a riƙa ba ka tsohon abin da aka cire. Tayoyin da ka saya ma ka duba lambobi huɗu da ke gefensu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera su, domin ana sayar da tsofaffi masu kyan gani. Abokin ƙwarai ba zai ji haushin wannan ba. Idan ya ji, ka ƙaru da wani sani.

Shawarata ita ce kada ka sayar yanzu, kada kuma ka ci gaba yadda kake. Ka sayi keke tukuna, ko na hannu ne mai ƙwari, ka mayar da shi abin zuwa aiki. Idan binciken ya nuna gyaran gaskit ɗin zai tsaya a nan, kuma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da motar za ta yi a kasuwa ba, a gyara ta, ta zama motar iyali: asibiti, unguwa, larurar dare. Motar da ta daina fita kullum ta rage shan mai da cin birki da kuloci, juyen baƙin mai ma ya yi nisa. Sai dai kada a bar ta ta yi ta zama, a fita da ita sau ɗaya a mako ta yi tafiyar minti 20 ko fiye, domin batir ya cika, tayoyi su juya. Kuɗin man da keke ya rage maka kada ya narke cikin cefane, ka ware shi wuri guda a matsayin asusun gyara, har maiɗakinka ta riƙe idan ta fi ka iya riƙo. Ku ba wa tsarin wata uku, kuna rubuta duk abin da aka kashe wa mota, da keke, da A Daidaita. A ƙarshen wata ukun littafin ne zai yi magana, ba kai ba, ba ita ba. Yara kuma, idan makarantar ba ta da nisa manyan su taka, ƙananan a haɗa su da na maƙwabta a yi yarjejeniyar wata da mai A Daidaita guda.

Idan kuwa bakanike biyu suka haɗu a kan cewa injin ya gaji, to kada son abin da ka riga ka kashe ya sa ka ƙara zubawa. Dubu 300 ɗin nan sun tafi, ko ka riƙe motar ko ka sake ta. Ka sayar da ita yadda take, ka faɗa wa mai saye aibinta, domin ɓoye aibi a ciniki haramun ne, kuma sabon kuloci da batir da taya abin faɗa ne wurin taya farashi. Daga kuɗin ka fara fitar wa maiɗakinka kasonta, ta yi abin da ta ga dama da shi. Sauran ka ware wani abu na sufurin iyali, ka sami mai A Daidaita amintacce a unguwa wanda zai ɗaga waya ko da dare, ka kuma yi magana da maƙwabci mai mota tun kafin buƙata ta taso, kai ka zuba mai. Babur ma hanya ce ta tsakiya, yana shan mai da baƙin mai amma kaɗan, kayansa kuma sun fi na mota sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai ba zai ɗauki Hajiya ba.

Akwai kuɗin da keke ke iya jawowa wanda ya fi na kowane gaskit, wato na asibiti. Titunanmu ba a yi su da mai keke a rai ba. A 2001 Ojo Maduekwe, yana ministan sufuri, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, shi kansa kuma wata bas ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan hanyar zuwa aiki. Idan minista bai tsira ba, kai sai ka ninka hattara. Ka zaɓi hanyoyin cikin unguwa ko da sun ɗan fi tsawo, ka guji manyan tituna irin na Zariya da na Katsina a lokacin cunkoso, kada ka kutsa ta gefen tirela ko A Daidaitar da ke shirin tsayawa. Ka sa fitila gaba da baya, ka sayi hular kwano da kwaɗo mai ƙarfi, domin keke ya fi mota sauƙin sata. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, sai ka fita da sassafe, ka ajiye riga ta biyu a ofis, ka riƙe ruwa. Ranakun ruwan Agusta da na azumi mai zafi ka shiga A Daidaita, ka sa su a lissafi tun yanzu. Tunda ka haura arba'in, ka auna hawan jini kafin ka fara, makon farko kuma ka yi kwana biyu ko uku kawai har ƙafa ta saba.

Mutum ɗaya ne ba a ji ta bakinsa ba a duk wasiƙarka, Hajiya. Da sunanta ake gardamar, amma ba ka ce an tambaye ta ba. Ka zauna da ita ka ji sau nawa take ganin likita, ko gwiwarta na iya hawa A Daidaita, ko kuma cikin 'yan'uwanka akwai wanda zai riƙa ɗaukar nauyin kai ta wani watan. Hidimarta ba a kanka kai kaɗai take ba, kuma idan sauran 'ya'yanta suka san abin da motar ke ci, wataƙila wani ya sa hannu a kuɗin gaskit ɗin. Ka rubuto mini abin da bakanike na biyu ya ce.